Yadda Za a Buɗe wa Kifi Hanya a Rafukan Katsina da Daura

A daren da aka yi ruwa mai ƙarfi na farko, wanda ya sa rafi ya kawo, ɗauki tocila ka je ka tsaya a ƙasan kwalbatin da ya ratsa rafin garinku. In bakin kwalbatin ya ɗaga sama da ƙasan rafin, ko da tsayin gwiwa ne, za ka tarar da tarwaɗa sun yi cincirindo a inda ruwan ke faɗowa, suna yunƙurin hawa suna zamowa. Kafin gari ya waye yara sun cika bokitai. Kama ɗaya daga cikin manyan ka ɗan matsa cikinta a hankali, za ka ga ƙwai masu launin kore-kore sun fito. Wannan kifin ba yawo ya fito ba. Hanyar fadama yake nema don ya zuba ƙwai, kuma kwanakin da yake da su ƙirgaggu ne.

Rafukanmu ba sa gudu duk shekara. Damina a arewacin Katsina da ƙasar Daura daga Yuni ne zuwa Satumba, ƙarfinta a Agusta, sauran watanni kuwa yashi ne shimfiɗe. Kifi yana cin rani a gurbi mai zurfi ko a cikin dam, idan ruwa ya kawo sai ya hau sama ko ya fantsama cikin ciyawar da ruwa ya shanye. In aka tare shi a waɗannan 'yan makonni, haihuwar shekara guda ta tafi. Saboda haka duk mai son kifi ya dawo rafinsa kada ya fara da sayen 'ya'yan kifi. Ya fara da buɗe hanya, ya kare gurbin da iyaye ke cin rani, sannan ya nemi a saki ruwa a lokacin da ya dace. Zuba 'ya'ya shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma ba a bukatarsa.

Ba kowane kifi shinge ke cuta ba

Karfasa ba ta damu da tafiya ba. Tana gyara ɗan rami a ƙasan ruwa marar zurfi, macen ta riƙe ƙwai a baki har su ƙyanƙyashe, shi ya sa take yawaita a duk dam ɗin da aka gina. Gaiwa kuma tana shiga laka ta kwanta har damina ta zagayo. Tarwaɗa tana shaƙar iska, tana iya jan ciki a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta kewaye ƙaramin shinge, amma ba ta iya hawa siminti mai santsi da ruwa ke zuba a kai da ƙarfi. Ƙwanta manne wa ciyawa yake yi a ruwa marar zurfi, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi idan ruwan da ɗumi, 'ya'yan su yi kamar kwana 3 suna rayuwa da guzurin da ke cikinsu kafin su fara neman abinci. Bargi yana gina sheƙa mai da'ira a cikin doguwar ciyawa, faɗinta ya kai mita ɗaya, don haka in ba fadama mai ciyawa ba ya haihuwa. Kawara da burdo su ne masu dogon zango, masu bin sabon ruwa su hau rafi garke-garke, kuma su ne kan fara ɓacewa idan aka datse hanya. In tsofaffin masunta suka ce maka da can ana kama iri goma, yau karfasa da tarwaɗa kawai ake gani, to sun riga sun gaya maka abin da shinge ya yi.

Tare hanya ɗaya ce kawai daga cikin ɓarnar. Dam yana riƙe ruwan farkon damina har sai ya cika, sai fadamar ƙasa ta rasa ambaliyar da ke tayar da kifi, ko ta same ta a makare. Yana riƙe laka da yashi, ruwan da ya fito ya riƙa cin ƙasan rafi yana zurfafa shi, har rafin ya daina tumbatsa zuwa fadama. Ruwan da aka saki daga can ƙasan dam mai zurfi sau da yawa iskar shaƙarsa kaɗan ce. Ƙananan kifin da ke saukowa kuma suna bin magudanar ban ruwa su ƙare a cikin gonar tumatir.

Dubi taswirar ruwanmu. Kogin Karaɗuwa, inda aka kammala dam ɗin Zobe kusa da Dutsin-Ma a 1983, yana gangarawa ta Bunsuru zuwa Rima. Kogin Gada da ke ɗauke da dam ɗin Jibiya yana shiga Jamhuriyar Nijar ta wajen Maraɗi, ya sake dawowa ya haɗu da Rima. A kan Rimar kuma akwai dam ɗin Goronyo. Ke nan doguwar hanyar da ta haɗa rafukanmu da manyan kogunan ƙasa ta yanke a wuri fiye da ɗaya. An ga irin wannan a fadamar Haɗeja da Nguru bayan gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992: ambaliya ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. An kuma ga akasinsa a arewacin Kamaru, inda dam ɗin Maga na 1979 ya busar da fadamar Logone, da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994 ciyawa da kifi suka dawo wuraren da ruwan ya kai.

Ba rushe dam muke kira a yi ba. A Amurka an cire madatsu biyu a kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014 kifi ya koma hawa, amma can kogin yana gudu rani da damina. A nan dam ɗin Ajiwa yana shayar da birnin Katsina, na Sabke da na Daberam su ne ruwan ƙasar Daura, kuma su kansu sun zama mafakar kifi da rani. Abin da ke hannunmu shi ne ƙananan shingayen da suka fi dam yawa nesa ba kusa ba, da kuma yadda ake tafiyar da manyan.

Zagayen rafi

A yi shi sau biyu, da rani a Maris ko Afrilu lokacin da komai ke fili, sannan da damina a ga yadda ruwa ke bi. A tafi da Sarkin Ruwa ko dattijon masunci, da wakilin manoman rani, da magini. Kayan aiki: tef na mita 30, farin tiyo na lebur irin na magina, sanda mai alamar santimita, littafi, da waya mai ɗaukar hoto.

A rubuta duk abin da ya ratsa rafin: kwalbati, simintin da aka shimfiɗa don mota ta ƙetare, ƙaramar madatsa, buhunan yashin da masu noman rani suka jera, shingen kama kifi, har ramin masu ɗibar yashi. A kowanne a auna tsayin faɗuwar ruwa da tiyon lebur, daga saman ruwan sama zuwa saman ruwan ƙasa. A auna zurfin ruwan da ke bin kan simintin. A auna saurinsa: a yi alamar mita 10, a jefa guntun kara, a ƙirga daƙiƙu. In ya cinye mita 10 cikin daƙiƙa 10, saurin mita ɗaya ne a daƙiƙa. Faɗuwar da ta wuce santimita 15, ko ruwan da bai kai zurfin santimita 15 ba a kan siminti, ko gudun da ya haura mita ɗaya a daƙiƙa cikin dogon bututu marar wurin hutawa, duk a ɗauke su shinge ne ga yawancin kifinmu.

A fara gyara daga shingen da ya fi kusa da inda kifi ke cin rani. Wanda ya gyara na uku ya bar na farko ya yi aikin banza.

Buhunan yashi da shingen kama kifi ba sa bukatar kuɗi, magana suke bukata. A zauna gaban mai unguwa ko dagaci a tsayar da rana, misali kafin ƙarshen Mayu, da kowa zai kwashe buhunansa. Shingen tarko kuma kada ya rufe rafi baki da baki. A bar aƙalla sulusin faɗin a buɗe, kuma ɓangaren mai zurfi za a bari, don nan ne hanyar.

Kwalbati

Matsalarsa uku ce: bakin ƙasa ya rataye saboda ruwa ya cinye ƙasan, cikinsa santsi ruwa na gudu kamar kibiya, ko kuma ya yi faɗi ruwan ya baje ya zama siriri. In sabo za a gina, a nemi injiniya ya binne gindinsa santimita 20 zuwa 30 ƙasa da kwancin rafin don yashi da tsakuwa su shiga su zauna, faɗinsa kuma kada ya gaza faɗin rafin. Mai kusurwa huɗu guda ɗaya babba ya fi ƙananan bututu huɗu a jere. In tsoho ne, a ɗago ruwan ƙasa ya zo daidai da bakinsa ta hanyar jera layukan duwatsu a ƙasansa kamar yadda za a bayyana yanzu. Kada a taɓa jikin kwalbatin hanya ba da izinin ma'aikatar ayyuka ba, kuma kada a cusa duwatsu a ciki har ya kasa ɗaukar ambaliya. Ranar da ruwa ya hau titi, aikin kifin gaba ɗaya za a tsana.

Gangaren duwatsu

Wannan ita ce hanyar da ta fi dacewa da shingen da bai wuce mita 2 ba. Matakalar kifi ta siminti mai tsayin hawa da ake gani a hotunan Turai an ƙera ta ne don kifin salmon mai tsalle. Namu yawancinsu ba sa tsalle, masu bin ƙasa ne kamar tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa, ko ƙanana masu gajiya da wuri. Abin da suke so shi ne abin da ya yi kama da rafi mai duwatsu, faɗuwa ɗaya babba a raba ta ƙanana-ƙanana.

Lissafin ba wuya. Kowane hawan mita ɗaya a ba shi tsawon mita 20. In akwai fili da kuɗi, mita 30 ya fi. A raba hawan zuwa matakai na santimita 10. Shinge mai tsayin mita ɗaya ke nan zai samu layin duwatsu 10, tsakanin kowane layi da na gaba mita 2. Dalilin tsayawa a santimita 10 shi ne saurin ruwa: faɗuwar santimita 10 tana ba da gudun kusan mita 1.4 a daƙiƙa a cikin tsagar duwatsu, ta santimita 20 kuwa kusan mita 2. Kifi yana iya kutsawa cikin gudun farko na ɗan taƙi in ya san akwai wurin hutawa a gaba, na biyun kuwa yana mayar da ƙanana baya.

A yi aikin da rani. A haƙa gindi a ƙarshen gangaren ta ƙasa, zurfin mita ɗaya ko har a taɓa ƙasa mai tauri, a binne manyan duwatsu ko kejin waya cike da duwatsu. Wannan gindin shi ke riƙe komai, kuma daga shi ake ginawa ana hawa sama. A shimfiɗa tsakuwa kaurin santimita 15 zuwa 20 a ƙarƙashin gangaren duka don kada ruwa ya tsotse yashin da ke ƙasa. A kai a jera layukan da duwatsu masu kaurin santimita 60 zuwa mita ɗaya, kowanne a tsaye, a binne rabinsa ko fiye. Dutse mai tauri irin na duwatsun Dutsin-Ma ake so. Marmara tana rugurgujewa cikin damina biyu. A kowane layi a bar tsaga ɗaya ko biyu masu faɗin santimita 20 zuwa 30 da suka kai har ƙasa, don mai bin ƙasa ya wuce ba tare da ya ɗaga ba. Kada tsagogin su yi saiti da juna: ta wannan layi a dama, ta na gaba a hagu, ruwan ya riƙa karkata yana rage ƙarfi. Tsakanin layi da layi a sami ɗan gurbi mai zurfin santimita 30 zuwa 50. Tsakiyar gangaren ta ɗan fi gefuna zurfi kamar kwarin kwale-kwale, don in ruwa ya ja ya taru wuri ɗaya, in ya ƙaru kuma gefuna su zama masu sanyin gudu.

Ga gangare mai tsawon mita 20, faɗin mita 3, matsakaicin kauri santimita 80, ana bukatar dutse da tsakuwa kimanin kubik mita 48, wato tifa biyar in kowace tana ɗaukar 10. A ƙara ɗaya don gyaran bayan damina.

Abubuwa huɗu ke kashe irin wannan aiki, kuma na farkonsu ya fi sauran yawa. Kifi yana bin ƙarfin ruwa har ya tsaya a gindin shinge, a nan yake neman ƙofa. In gangaren bai cika faɗin rafin ba, aka sa mashigarsa can ƙasa nesa da inda ruwa ke faɗowa, kifin zai wuce ta ya je ya taru a inda ya saba. Maganinsa a kawo mashigar kusa da gindin shingen, a gefen da aka ga kifi na taruwa, ko da sai an lanƙwasa gangaren ya juyo. A kuma ɗan sassaƙe leɓen shingen a saitin gangaren, santimita 20 zuwa 30, da izinin mai madatsar, don ruwan farko da na ƙarshe su bi ta nan. Na biyu, ruwa ya nutse cikin ramukan duwatsu ya bi ta ƙasa, saman ya bushe. A cike ramukan da tsakuwa da yashi da laka, a zuba ruwa da injin ban ruwa a danna su kafin damina. Na uku, duwatsu ƙanana: ambaliyar Agusta guda ɗaya za ta watsa su. In mutum biyu suna iya ɗaga dutsen cikin sauƙi, bai isa zama a layi ba. Na huɗu, gangaren ya zama wurin kamu. Kifi a cikinsa kamar a kwano yake. Dole a hana kamun kifi a jikinsa da kuma mita 100 sama da ƙasa, a sa mai gadi a dararen da ruwa ya kawo.

Bayan kowane babban ruwa a je a cire kara, leda da rassan da suka toshe tsagogi. Aikin rabin awa ne, amma tsaga ɗaya da ta toshe ta mayar da gangaren duka shinge.

Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta tanadi cewa wanda aka ba izinin gina madatsa ya yi wa kifi hanyar wucewa. Idan aka ji za a gina sabuwar madatsa a yankinku, lokacin magana shi ne tun zane yana kan takarda.

Manyan dam

Bangon da ya kai mita 20 ba a yi masa gangaren gayya. Abu biyu ake iya yi. Na farko shi ne neman a saki ruwa don fadamar ƙasa. Zobe da Jibiya suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, don haka ƙungiyar masunta ta rubuta takarda ta hannun hakimi da sashen kifi na ma'aikatar gona, tun kafin damina. A faɗi abin da ake so dalla-dalla: sakin ya zo cikin Yuli ko Agusta a shekarar da ruwa ya wadata, ya hau a hankali cikin 'yan kwanaki, ya tsaya a kan ciyawar fadama mako 3 ko fiye, ya sauka kaɗan-kaɗan. Saukar ita ce mai haɗari. Ƙwan tarwaɗa yana manne a ruwan da bai wuce tsayin gwiwa ba, in aka rufe ƙofa dare ɗaya ruwan ya ja da taƙi guda, ƙwai sun bushe, 'ya'ya sun maƙale a kududdufai sun zama abincin balbela. Sakin kwana biyu a rufe ya fi rashin sakin muni, don ya tayar da kifi ya zuba ƙwai a banza. A kuma sanar da garuruwan ƙasa da masu gonakin bakin rafi kafin a buɗe.

Na biyu shi ne kwashe kifin da hannu. A makonnin da suka taru a gindin dam, a kama su da raga mai laushi da sassafe, a zuba a durom ko jarkar da aka yanke samanta, ruwa rabi, a kai su sama cikin awa ɗaya, a sake su a bakin rafin da ke shigowa dam, nesa da mazubar ruwa don kada ta sake jawo su. Tarwaɗa tana jure cunkoso. Kawara da burdo ba sa jurewa, sai a rage yawa a riƙa sauya ruwa. A jiƙa hannu kafin a taɓa kifi, kada a riƙe shi ta kunne. Haka za a yi a Oktoba da Nuwamba ga 'ya'yan da suka maƙale a kududdufan da ke ƙafewa, a mayar da su ruwa mai ɗorewa.

A cikin dam ɗin kansa, wurin haihuwa shi ne gefen da ruwa ke hawa ya shanye ciyawa, da bakin rafukan da ke shigowa. In aka nome gefen kaf har bakin ruwa, ba inda ƙwai zai manne. A bar ɗamarar ciyawa mai faɗin mita 10 zuwa 20 a waɗannan wurare, a dasa jema don riƙe ƙasa, a bar burugu da giyayya inda suke. Masu injin ban ruwa su ɗaura kwandon waya mai ƙananan idanu a bakin tiyo, babba kamar bokiti don tsotson ya yi sanyi. Rariyar da ke zuwa da injin idonta ya yi faɗi, tana shanye 'ya'yan kifi.

Gurbin rani da dokar su

Hanya ba ta da amfani in babu mai bin ta. Wasu rafukan suna da gurbi ɗaya ko biyu da ba sa ƙafewa, masunta sun san su da suna. A ware aƙalla ɗaya a hana taɓa shi duk shekara. A hana jan ruwansa da inji idan zurfinsa ya sauka zuwa mita ɗaya da rabi, a dasa sanda mai jan fenti a wurin don kada a yi gardama. A jefa rassan ƙaya a ciki, suna ba kifi mafaka suna kuma yaga ragar ɓarawo. Masu ɗibar yashi a nuna musu wani wuri nesa da shi. In da asuba aka ga kifi sun taso suna haki a saman ruwa, iska ta yi ƙaranci. A tayar da inji a riƙa ɗibar ruwan gurbin ana fesa shi sama yana komawa ciki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu ana tsare ruwan Matan Fada sai ranar da aka buɗe shi, shi ya sa ake fito da manyan kifi. Abin da ake bukata shi ne Sarkin Ruwa ya sami goyon bayan hakimi, hukunci ya hau kan kowa ba sani ba sabo. A rufe kamun kifi a mashigar rafuka da fadama daga ruwan farko zuwa ƙarshen Agusta. Idon raga kada ya gaza milimita 76, wato inci 3, kamar yadda dokar 1992 ta ce. Gidan sauro ba abin kamun kifi ba ne. Guba, abin fashewa da lantarki duk haramun ne a doka, kuma maganin ƙwarin da aka wanke a gurbi bayan feshi yana yin ɓarnar da guba ke yi. A wanke tankin feshi a gona, nesa da ruwa. Amma a tuna masunci yana da iyali. Rufe wata uku ba zai ɗore ba sai an bar masa tsakiyar dam ya ci abinci da raga mai babban ido.

Zuba 'ya'yan kifi

Ana yin sa idan wani iri ya ƙare sam a saman shinge, ko dam sabo ne. Kada a sayi 'ya'yan gonar kifi barkatai. Yawancin tarwaɗar kiwo an cakuɗa jininta, wasu ma haɗin iri biyu ne, in suka gauraya da ta rafi suna raunana ta, suna kuma iya kawo cuta. A kamo iyaye daga ruwan yankin, maza da mata da yawa, gwamma ashirin-ashirin da biyu-biyu, a kai wa mai ƙyanƙyasa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da jami'an kifi na jiha suna ba da shawara kan wannan. Kada a kawo irin da ba a taɓa sani a ruwan ba, kuma a yi hattara da giwan ruwa a ƙaramin dam, cin 'yan uwanta take yi.

A bari 'ya'yan su kai santimita 8 zuwa 10. Ƙasa da haka abincin manya ne. A hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya don kada su ɓata ruwan. A yi tafiyar da asuba. Da an isa, a ajiye mazubin a cikin ruwan dam minti 20 zuwa 30 zafinsu ya daidaita, a riƙa ƙara ruwan dam kaɗan-kaɗan, sannan a karkata su fita da kansu. A rarraba su wurare da yawa masu ciyawa, a lokacin da ruwa ke hawa. Wanda ya juye su wuri ɗaya da tsakar rana a watan Afrilu zai ga fararen ciki washegari.

Yadda za a gane ko aikin ya ci

A ajiye littafi ɗaya a mashaya ko wurin da ake sauke kifi. Rana ɗaya a mako, a rubuta kwanan wata, irin kayan su, awa nawa aka yi, irin kifin, yawansa, da tsawon guda goma na farko daga kowane iri. A saman gangaren kuma a kafa tarko dare ɗaya a mako cikin damina, a ƙirga abin da ya shiga da safe a sake shi. In manyan tarwaɗa kawai ake samu babu ƙanana, matakan sun yi tsayi, a ƙara layi a rage faɗuwa. In tarkon wayam ne alhali kifi na taruwa a ƙasa, mashigar ce ba ta daidai ba. In ana samun kawara da kurungu da 'ya'yan karfasa masu tsawon yatsa, gangaren yana aiki. A ba shi damina uku kafin a yanke hukunci a kan yawan kifin, don shekarar fari da shekarar ruwa ba sa ba da lissafi ɗaya, kuma 'ya'yan bana sai baɗi ko baɗin baɗaɗa za su kai girman shiga raga mai inci 3.